Rantsuwar Mode Mai Fito

Duk wanda ya taɓa ƙetare gulbin Rima ta mashiginmu, can ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, ya san Mode mai fito. In bai riƙe sunan ba, zai tuna wani dogon dattijo tsaye a gindin jirgi da gora a hannu, yana yi wa fasinja faɗa su daina motsi, alhali shi ne ke jijjiga jirgin da faɗan nasa. Ni sunana Safara'u, ina suyar kifi a gindin giyayyar da yake ɗaure jirginsa. Uwarsa ƙanwar ubana ce, ke nan taubashina ne, ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma yau zan mori lasisina.

Hali biyu Allah Ya ba Mode, kowanne ya yi masa yawa. Na farko, ba ya magana biyu. Yana saurayi tarwaɗa ta soke shi da ƙaya a tafin hannu, zafi ya sa ya rantse shi da naman tarwaɗa har abada. Ga shi gemu ya yi fari fat, bai karya ba. Ni kuwa tarwaɗa ce rabin sana'ata. Kullum ina juya ta cikin mai, ina barbaɗa yaji, ina kallonsa yana haɗiyar yawu yana yi kamar hadari yake dubawa.

Nakan ce masa, "Ɗan taɓa mana, ba ni hwaɗa ma kowa."

Shi kuma ya ce, "Ke ba ki hwaɗi. Wanda nir rantse da Shi hwa?"

Hali na biyu, buɗaɗɗen hannu. Abin da ya shiga aljihun Mode ba ya kwana. Goro, dabino, 'yar albasar da manoma ke jefa masa a jirgi, kafin la'asar ya rabar. Matarsa Mairo, wadda aka ɗaura musu aure ana tsakiyar aikin madatsa, ta daɗe da koyon ɓoye gishirinta. Gajeriyar mace ce, ba ta da yawan magana, tana da 'yan fangalin albasa a bayan gida da tsohuwar olsa da ke tayar mata in ta yi wasa da abinci. 'Ya'yansu duk sun yi aure, wasu na Rabah wasu na Wurno, gidan ya koma daga shi sai ita. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, amma na sha ganin ya sauko daga dokin zuciya don kawai ta dube shi.

To, gora ba ta tsufa, amma kafaɗa tana yi. Da shekaru suka ja, kafaɗar Mode ta dama ta fara yi masa gardama, har wata safiya ya kasa ɗaga hannu ya sa riga. Ranar kasuwar Goronyo ya je wurin wani mai kemis da ake kira Mainasara, aka ƙulla masa haɗi a leda. Haɗi shi ne ƙwayoyi iri-iri da ake tattarawa a ba mutum ya watsa baki gaba ɗaya. Nasa akwai wata ja ta kashe ciwo da suke ce wa diklo, da wata rawaya da har yau ban san aikinta ba, da 'yar ƙaramar fara wadda ba ta fi ƙwayar dawa ba, ita ce deksa. Ya sha da daddare, gari ya waye yana wulwula hannu kamar ɗan dambe. Tun daga ranar bai sake tura jirgi ba sai ya sha haɗi, safe da yamma, sau da yawa ko koko bai sa a ciki ba.

Aka shekara, aka sake shekara, sai Mode ya fara cika. Kumatu suka fito, wuya ya yi kauri, tumbi ya turo riga. Mutane suna ta cewa ai Mode ya samu kwanciyar hankali. Ni da nake ganinsa kullum yana naɗe wando zai shiga ruwa, na lura ƙafafun sai ƙara sirancewa suke, kuma ko igiyar jirgi ta goge shi sai wurin ya yi baƙi. Na ce masa ya zama tulu bisa kara biyu, ya ce hassada ce irin ta taubasai. Ashe duk kallon kitse muke yi wa rogo.

Da a kansa abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma mutumin da ba ya iya cin goro shi kaɗai, yaya zai sha lafiya shi kaɗai? Ya samu wani gwangwanin madara mai murfi ya riƙa cika shi da ƙulli-ƙullin haɗi. Fasinja ya yi ɗan nishi wajen shiga jirgi, ko ya dafa ƙugu, Mode ya buɗe gwangwani. Baƙo ya je gidansa, bayan ruwa sai haɗi. Bai taɓa karɓar ko sisi a kai ba, kuma in ka ƙi karɓa ransa ɓaci yake, kamar ka mayar masa da tuwo. Ni ma ya sha miƙo mini, ina cewa ya bari sai na tsufa kamarsa.

Bara, ƙarshen damina, lokacin da aka saki ruwan madatsa ya malale fadama, wata mura mai zafi ta shigo mana. Ba irin wadda ake sharɓe majina a wuce ba ce. Tana zuwa da masassara da ciwon gaɓoɓi da tari, ta kwantar da ƙato kwana da kwanaki. Gida-gida ta bi. Mode kuwa abin nema ya samu, gwangwani ba ya rufuwa, har ya fara yi wa kansa kirari a tsakiyar gulbi.

Sai ta kama Mairo. Ta kwanta, abinci ya fita ranta, ko kunu ba ta iya shanyewa. Mode ya zauna a bakin gadonta ya kwance ƙulli biyu maimakon ɗaya, don a ganinsa matarsa ta fi fasinja. Ta karɓa ta haɗiye. Washegari masassara ta sauka, ta tashi garau, har ta fita ban ruwan irin albasarta. Ya zo mashigi yana ba da labari, baki har kunne, ya ci gaba da ba ta safe da rana da yamma don kada ciwon ya dawo. Ciwon kuwa bai je ko'ina ba, rufe masa baki kawai aka yi.

Ba a yi mako ba, wata hantsi, na ga Mode ya nufo gulbi da gudu, Mairo a saɓe a kafaɗar nan tasa mai ciwo. Ta yi amai baƙi ƙirin kamar an dama gawayi, numfashinta sama-sama, tafin hannunta fari fat. Na bar kifi a wuta na faɗa jirgi. Ban taɓa ganin ya tura jirgi irin na ranar ba, nan da nan muka ƙetare muka samu mota zuwa asibiti.

Likitar da ta karɓe mu wata matashiya ce 'yar Wurno, Zakiyya. Bayan an sa wa Mairo ƙarin ruwa da robar iska a hanci, an aika neman jini, ta fito ta same mu a baranda.

Ta ce, "Baba, mi tas sha a gida?"

Mode ya zaro gwangwani ya miƙa mata. Har lokacin, bawan Allah, yana ganin shi ne abu ɗaya da ya yi daidai. Ta kwance ƙulli ɗaya a tafin hannunta, ta ware ƙwayoyin da ɗan yatsa.

Ta ce, "Wagga ja maganin ciwo ta. Mai lahiyayyen ciki, in ya ci abinci yas sha ta kwana kaɗan, ba a cika samun matsala ba. Amma Inna tana da olsa, ba ta cin komi, ba ta shan ruwa sosai. Ƙwayar ta kankare mata ciki, kuma tana iya taɓa ƙoda. In an haɗa ta da wagga 'yar hwara, ɓarnar ninkuwa takai."

Mode ya ce, "Ai hwarar ita ad da ƙarhi. Ita tat tashe ta."

"Ba ta tashe ta ba, Baba. Ɓoye masassarar tay yi, kuma ta rage ma jiki ƙarhin hwaɗa da cuta. Irin murag ga, hutu taka so da ruwa da abinci, sai farasitamol bisa ƙa'ida in jiki ya yi zahi. Yanzu ga shi ciwo ya sauka ƙirji, ya zama nimoniya."

"To guba ta ke nan?"

"A'a. Mu ma muna ba da irinta, ga wanda ƙirjinai yay yi tsanani har yana biɗar iska, da awo, muna kallo. Ba a gida ba, ba ga kowace mura ba." Sai ta tsaya ta ƙare wa fuskarsa kallo, ta dubi baƙaƙen tabon da ke hannunsa. Ta ce, "Baba, ka jira ni nan, ina da magana da kai."

Aka kira ta ciki da gaggawa. Mode bai jira ba, ya ɗauki gwangwaninsa. Kunya da baƙin ciki suka kore shi daga barandar, ya ce mini in zauna da Mairo, shi zai je ya dawo. Abin da ya yi, waɗanda ke mashigi suka ba ni labari daga baya. Ya tsaya a bakin ruwa, gaban fasinja da masunta da masu lodin albasa, ya ɗaga gwangwanin sama. Ya ce wallahi tallahi shi da 'yar farar ƙwayar nan har abada, ita da danginta, ba ta ƙara shiga jikinsa. Ya wurga gwangwani tsakiyar gulbi. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Da na ji, cewa na yi bana kifin Rima zai yi kumatu.

An ƙara wa Mairo jini, ta fara dawowa a hankali. Mode yana zuwa kullum da yamma, ya tsaya daga bakin ƙofa ya tambaye ni jikinta, ba ya yarda su haɗa ido, kuma da ya hango likita sai ya sulale. Na lura yana jan ƙafa, na ɗauka damuwa ce. Ashe murar ta kama shi shi ma, ga jiri, ga amai, ga kasala irin wadda ko buta ba ya iya ɗagawa. An gudu ba a tsira ba. Wata rana da azahar, jirgi cike da mata 'yan kasuwa, ya kafa gora zai tura sai ya bi ta ya zube. Allah Ya sa cikin jirgin ya faɗi, bisa buhunan wake, masunta suka jawo su gaɓa.

Haka aka kawo mini shi asibiti, a sume, na zama mai jinyar mata da miji, ina safa da marwa tsakanin ɗakin mata da na maza. Likita Zakiyya na ganinsa ta gane. Ta yi masa allura, aka ɗaura masa ruwa, kafin magariba ya buɗe ido yana tambayar wa ya ɗaure jirgi.

Da safe ta zo ta zauna kusa da shi ta yi masa maganar da ya ƙi tsayawa ya ji. Ta ce jikin ɗan Adam yana yin irin wannan sinadari da kansa, shi ke riƙe mutum in ciwo ya zo. Wanda ya daɗe yana shan deksa kullum, jikinsa sai ya saki aikin, tunda ana kawo masa daga waje. In aka yanke rana ɗaya, babu na waje babu na ciki, mutum na iya mutuwa, balle ga mura a kansa. Dole ya koma kan 'yar uwarta, ƙwaya da awo, ana ragewa kaɗan-kaɗan har jiki ya tuna aikinsa. Jar kuwa ya bar ta, za a nema wa kafaɗar wata dabara.

Mode ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, Allah Shi yi maki albarka. Amma na rantse."

Ta ce, "Baba, rai muka magana."

"Na jiya. Allurar da kunka yi man ina some, wannan ba ni da alhaki. Yanzu da hankalina, ba ƙwaya ba allura. Ba ni yi ma Allah wayo."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo wani babban likita ya maimaita. Ni ma na shiga da nawa. Na ce masa tarwaɗa ba ta kashe wanda ya ƙi cin ta, wannan kuwa tana kashewa. Na ce in ya mutu a kan taurin kai ba ni zuwa zaman makoki, kifi zan soya. Ya rufe ido ya yi kamar barci. Kafin azahar ƙarfin allurar ya fara sakinsa, na ga leɓunansa sun bushe, magana tana fita da ƙyar. A nan tsokana ta ƙare mini, tsoro ya kama ni sosai, don na san mutumin nan tun muna wasan ƙasa kuma ban taɓa ganin ya janye magana ba.

Na aika aka ɗauko Malam Sa'adu, limamin ƙauyenmu, wanda sa'an Mode ne. Ya zo ya zauna, ya gaishe shi, ya ce masa abin da kowane ɗan makarantar zaure ya sani: wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi, ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma, in ba hali ya yi azumi uku, shi ke nan. Ya ce rantsuwar da za ta kai mutum ga halaka, riƙe ta shi ne laifin.

Mode ya ce, "Na sani, Liman."

"To mi kaka jira?"

Mode ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, "Da hannuna nib ba ta. Ƙulli biyu-biyu. Tana aman jini ina yawo ina hwaɗin na warkar da ita. In ƙwayag ga ta bar ni da rai, ita da tak kusa kashe Mairo, da wane ido zan dube ta?"

Sai a lokacin na gane ba rantsuwar ce kaɗai ta riƙe shi ba. Hukunci ya yanke wa kansa, ya sa sunan Allah ya kulle don kada wani ya buɗe. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ko a nan bai tambayi wadda aka yi wa laifin ba. Na tashi na tafi ɗakin mata. Da ma mun ɓoye wa Mairo cewa yana kwance, muna ce mata aiki ya riƙe shi. Na zauna na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta sauko da ƙafafunta daga gado, ta laluba takalmi, ta gyara lulluɓi. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta isa tafiya ba tukuna, Mairo ta dube ta sau ɗaya, sai ga ma'aikaciyar ta kawo keken marasa lafiya. Na tura ta, ita ma'aikaciyar tana riƙe da ledar ruwan da ke hannunta, muka ratsa baranda har ɗakin maza. A ƙofa Mairo ta ce wa likita ta ba ta ƙwayar.

Da Mode ya gan ta sai ya juya fuska bango. Na kai keken dab da gadonsa. Ta miƙa hannu, wanda allurar ruwa ke ciki, ƙwayar tana tsakiyar tafinta.

Ta kira shi yadda ta saba kiransa, "Malam."

Bai juyo ba.

"Ran da kam miƙo man naka, na tambaye ka mi na na?"

Ya ƙara matsawa jikin bango.

"Ban tambaya ba. Hannunka na, shi ya sa nis sha. Kuma ko gobe kam miƙo man ruwa ina sha. To ga nawa."

Ya ce, "Mairo, gaban jama'a nir rantse."

"Jama'a sun koma gidajensu. Ni wa za ni koma mawa?"

Ɗakin ya yi tsit, har mai tarin da ke gadon gefe ya riƙe tarinsa. Liman ya sunkuyar da kai. Mode yana kallon bango, hawaye na bin kumatun nan da na daɗe ina yi wa dariya. Mairo ba ta sauke hannun ba. Mace ce da aka ƙara wa jini kwanan nan, hannun ya fara karkarwa, ƙwayar tana motsi a tafinta, jini ya fara biyo robar ruwan yana hawa. Na kai hannu zan tallafa mata, ta girgiza kai.

Can ta ce, "Malam, hannuna ya gaji."

Ya juyo da sauri kamar an kira shi daga barci. Ya tallabi hannun da nasa biyu, ya ɗauki ƙwayar, ya yi bisimilla ya sa a baki. Na miƙa masa ruwa ya haɗiye. Sannan ya sauke hannun nata a hankali ya ɗora bisa katifa, bai sake shi ba.

Mairo ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Sahwara'u, in kin koma gida ki buɗe rumbu ki auna gero na mutum goma. Ki cika mudun da kyau."